Nazari a Kan Wani Mai Goyon Jaka Daga Runjin Sambo Zuwa Bakin Tenere

Hausawa sun daɗe da rarraba tafiye-tafiye zuwa rukunai sanannu, kuma kowane rukuni yana da dalilin da za a iya faɗa wa dattijo ba tare da an sunkuyar da kai ba. Akwai fatauci, wato tafiyar ciniki mai nisa wadda fatake suke yi cikin ayari a ƙarƙashin jagorancin madugu. Akwai cin rani, wanda Sakkwatawa suka yi suna a kansa, wato barin gida bayan girbi domin a nemi kuɗi a wani gari, a kuma rage wa rumbu baki. Akwai tafiyar neman ilimi, da ta aikin hajji, da ta sada zumunci. Abin da wannan rarrabewa ba ta tanadar wa gurbi ba shi ne wani sabon nau'i da ya shigo ta wayar hannu, wanda za a iya kira yawon goyon jaka, inda lafiyayyen mutum, wanda ba a kore shi ba kuma ba a aike shi ba, yake ɗaure kayansa a gadon baya, ya nufi wurin da aka ce babu kowa, domin kawai ya tabbatar da hakan da idonsa.

Wanda aka gina wannan nazari a kansa wani matashin ma'aikaci ne mazaunin Runjin Sambo a birnin Sakkwato, wanda za a riƙa kira matafiyin, kasancewar yana da kusanci da mai wannan rubutu fiye da yadda mai rubutun yake so a bincika. Abin da ya tunzura shi alƙaluma ne. Ya karanta cewa Jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar ta haura murabba'in kilomita 660,000, wato fiye da rabin ƙasar baki ɗaya, alhali ƙidayar 2012 ba ta samu mutum rabin miliyan a cikinta ba, sai ya yi lissafi ya gano cewa kowane ɗan jihar yana da fiye da murabba'in kilomita guda nasa na kansa, shi kuwa yana raba ɗakin zaure da ƙannensa, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga hayaniyar 'yan kabu-kabu tun daga shataletale har ƙofar gida. Daga wannan lissafi ya yanke shawarar zuwa hamadar Tenere neman kaɗaici.

Matsalar farko ta taso tun kafin a bar gida, domin mahaifiyarsa ta yi tambayar da ba ta cikin kowane bidiyon da ya kalla: “Wagga tahiya ta mi ta?” Da ya amsa cewa ganin ƙasa za shi, sai aka aika a kira kawu, wanda ya bi rukunan tafiya ɗaya bayan ɗaya cikin haƙuri, ya tambaya ko kaya za a saro, ko aiki aka samu, ko kuwa wata ce aka gani a can ake jin nauyin faɗa. Matafiyin ya nemi mafaka a tarihi, ya tunatar da kawu cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya je Agadas wurin Malam Jibrilla. Kawu ya yarda da wannan hujja ƙwarai, sannan ya nemi sanin sunan malamin da shi za ya je wurinsa. A ƙarshe iyali suka amince a shaida wa maƙwabta cewa ziyara ya tafi, ba tare da an ambaci wanda za a ziyarta ba.

Jakar kanta ta cancanci bayani. An saye ta ne a wurin 'yan gwanjo, tana da igiyoyi da maɗaurai da yawa waɗanda har yau ba a gano aikin wasunsu ba, kuma an cusa mata tanti na mutum ɗaya, da ƙaramin risho, da littattafai na karantawa cikin kaɗaicin da ake sa rai, da jarkar ruwa, wanda kowace lita ɗinsa kilo guda ce ko da mai ɗaukarsa ya yi karatun jami'a. Mahaifiya ta ƙara kilishi da ƙuli-ƙuli da garin yaji. Abu guda da aka cire da gangan shi ne bargo, bisa hujjar cewa wanda ya sha zafin Sakkwato a watan Afrilu ba ya buƙatar bargo a wurin da ya fi Sakkwato kusa da Sahara, hujjar da ta manta cewa lokacin hunturu ne, kuma busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumin rana bayan faɗuwarta.

Tafiyar ta auku ne kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wanda ya jawo rufe iyaka na watanni, saboda haka an bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, aka ƙetara Birnin Ƙwanni ba tare da wani abin rubutawa ba, in ban da darasin kuɗi. A Nijar ana lissafin sefa ne da dala, kowace dala kuwa tamma biyar ce, don haka da mai shayi ya ce kuɗin karin kumallo dala arba'in, yana nufin 200. Matafiyin ya miƙa ƙwandalar 50, ya kuma tsaya cikin mutunci yana jiran canjin goma. Mai shayin, wanda ya saba da baƙin Najeriya, bai ce komai ba. Ya dai ajiye ƙwandalar a kan tebur yana kallonta har sai da jama'ar benci suka ɗauki nauyin koyarwa, kowa da salonsa.

Daga Ƙwanni aka wuce garin Tawa, daga can zuwa Agadas kuwa tafiyar kusan kilomita 400 ce a kan titin da ake kira hanyar yuraniyom, saboda an shimfiɗa shi ne domin jigilar ma'adinin da ake haƙowa a Arlit. Kwaltar ta ci duniya a wurare da dama har direbobi sukan sauka su bi gefenta. Matafiyin ya ƙi shiga babbar kar ta fasinja, wadda ya ɗauka ta yi kama da jin daɗi, ya zaɓi wata motar kaya da aka loda wa buhunan albasa da gero, aka ɗora mutane a kan buhunan, aka kuma ɗora awaki a kan mutanen. A nan ne ya fara gane kuskuren alƙalumansa, domin ko da yake ƙasar da ake ratsawa fayau take har iyakar gani, duk mutanen da ya kamata a ce suna warwatse a cikinta sun taru a mota guda, kuma gwiwar ɗaya daga cikinsu tana cikin haƙarƙarinsa. Jakar da aka ƙera domin goyo ta zama kujerar wata tsohuwa, wadda ta yaba da laushinta, ta kuma sa masa albarka.

Bayan an wuce Abalak, gab da magariba, motar ta yi tari ta tsaya. Fasinjoji suka sauka ba tare da ko tsaki ba, suka yi taimama suka yi salla, wasu Abzinawa suka tono rami suka hura wuta da 'yan ƙirare, suka kwaɓa fulawa suka binne ta cikin yashi mai zafi a ƙarƙashin garwashi, wanda shi ne burodin da suke kira tagella. Shi kuwa matafiyin ya ga ranar da ya baro gida dominta ta zo, ya goya jakarsa ya yi nisa da jama'a domin ya kafa tanti. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa turakun tantin an yi su ne domin ƙasar da ke da ciyawa, kuma a cikin yashi ba su riƙe komai, saboda haka da iskar hunturu ta taso sai tantin ya tashi ya nufi kudu maso yamma, wato wajen Sakkwato, mai shi yana biye da shi da gudu cikin takalman hawan dutse. Wani yaro makiyayi, wanda babu wanda ya ga daga inda ya ɓullo, shi ya tare tantin da sandarsa, ya naɗe shi, ya kawo, ya kuma zauna domin ya ga abin da za a yi na gaba.

Daga wannan lokaci yaron bai sake barinsa ba. Ko da matafiyin ya zagaya bayan wani tudun yashi domin biyan buƙatar da ba a yi da rakiya, sai da ya ɗaga kai ya tarar da yaron da awakinsa sun yi sahu a kan tudun, suna nazarin al'amarin cikin natsuwa. Wannan yana da bayani na ilimi. A unguwa irin Runjin Sambo mutum yana iya wucewa ta gaban mutum ɗari babu wanda ya ɗaga kai, amma a inda mutane suka yi ƙaranci kowane sawu yana da mai shi, makiyaya kuma suna karanta sawu domin da shi suke gano ɓataccen raƙumi da baƙon da ya nufi inda babu rijiya. Takalmin matafiyin yana barin wani zane da ba a taɓa gani ba a yankin, kuma a fahimtar mutanen wurin wanda ya ware daga ayari da dare ko dai mara lafiya ne ko mai taɓin hankali, kowannensu kuwa ba a barinsa shi kaɗai.

Tsakar dare sanyi ya sauko. Matafiyin ya sanya duk rigunan da ya zo da su, ya zura ƙafafunsa cikin jakar, ya lulluɓa da tantin, haƙoransa suna kaɗawa kamar ana tankaɗe, har wani dattijo Ba'abzine ya taso daga bakin wuta ya ce masa, “Ɗana, taso ka zauna cikin mutane.” Aka matsa masa wuri, aka yafa masa gefen bargon wani, aka miƙa masa shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Shayin nan hawa uku ake dafa shi da ganye guda, na farko baƙi ƙirin mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Matafiyin, da yake bai san ƙarfinsa ba, ya nemi ƙari a hawan farko, abin da ya sa ya kwana ido biyu yana ƙirga taurari tsakanin mutum biyu masu minshari. Kilishin mahaifiya ne kaɗai abin da ya fito daga jakar ya yi amfani a daren, shi ma jama'a suka cinye.

A shingen da ke kafin Agadas an sami wata 'yar tangarɗa, domin tun bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, jami'ai sun riƙa lura da duk matashin da ya fito daga kudu da jaka a baya da jarka a hannu, kamannin da matafiyin ya cika ba tare da ragi ba. Da aka tambaye shi ko Libiya za shi, ya ce a'a, yashi ya zo gani. Jami'in ya kira abokin aikinsa domin shi ma ya ji, sannan suka nuna masa yashin da ke gefen hanya, suka ce ya duba da kyau, in ya ƙoshi ga motar komawa can.

Agadas ta karɓe shi da hasumiyar babban masallacinta, ginin laka mai tsawon mita 27 wanda aka fara yi a farkon ƙarni na 16, aka sake gina shi a 1844, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Itatuwan da suka tsiro daga jikin hasumiyar su ne matakan magina lokacin yaɓe. A cikinta akwai matakala da take ƙara tsukewa yayin da ake hawa, kuma mai rakiya ya ba da shawarar a bar jaka a ƙasa, shawarar da aka ƙi bisa aƙidar cewa mai goyon jaka ba ya rabuwa da jakarsa. Kusa da ƙololuwa mutum da jaka suka cushe, ba gaba ba baya, sai da aka kwance maɗauran nan da ba a san aikinsu ba aka zaro shi ta ƙasa, kafaɗunsa sun yi ja da ƙurar ginin tarihi. Ya kamata a lura cewa Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo garin a 1850 da sunan Abdulkarim, ya kuma iso Sakkwato a 1853, raƙuma ne suka ɗaukar masa kaya.

Tenere kuwa ba a kai gare ta ba. An yi wa matafiyin bayani cewa ba a shigarta sai da jagora da mota mai ƙarfi da izinin hukuma, a kan kuɗin da ko da dala aka faɗe shi ya fi ƙarfin albashinsa, kuma hatta ayarin gishiri, wanda yake zuwa Fashi da Bilma da ɗaruruwan raƙuma a lokacin sanyi ya dawo da kantu da dabino, ba ya motsawa sai da madugun da ya san rijiyoyi. Ya so aƙalla ya ga shahararriyar bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai ba ta da 'yar'uwa a tazara mai nisan gaske, sai aka shaida masa cewa wani direban babbar mota ya banke ta a 1973, gawarta tana gidan tarihi na Yamai, ta ƙarfe ce a gurbinta. Matafiyin ya daɗe yana juya wannan labari, domin bishiyar ita ce kaɗai halittar da ya ji ta sami abin da ya fito nema, ita ma sai da aka biyo ta da mota.

Ya dawo ta babbar kar, a kujerar kusa da taga, jakar tana can cikin ma'ajiyar kaya tare da buhunan jama'a. Sai da aka ƙetaro Illela ya tuna da tsaraba, ya sauka ya sayi dabino da cuku, ya gabatar da su a gida a matsayin kayan Abzin. Mahaifiyarsa ta gutsiri cukun, ta juya ledar da aka ƙunso shi, wadda take ɗauke da tallar wani shagon Illela da lambar wayarsa, ta ce Allah ya yi albarka, sannan ta tambaye shi ko mutanen can sun kusa gyara hanyar Gwadabawa.