Ranar da Keke Ya Hau Ni

Likita ne ya jawo mini. Ya dubi takardar gwajin jini, ya dubi tumbina, ya ce, "Malam, ko ka motsa jiki, ko ka saba da allura." Shi ke nan na je na sayi keken hawan dutse na gwanjo, mai giya rututu da ƙafa lamba 29, na shiga ayarin wasu matasa da ke fita kowace Asabar su zaga gindin duwatsun Shere, gabas da Jos. Duk rani lafiya lau. Ƙasa a bushe, tayoyina masu ƙananan haƙora suna ta gudu, har na fara yi wa tumbin kallon baƙon da ya ɗaure kayansa.

Sai ga Agusta. Wanda ya zauna Jos ya san ruwan wannan wata ba ya sallama, kuma ba ya gaggawar tafiya. Hanyoyin da muke bi, yawancinsu burtali ne da turbar manoma, suka koma jar laka mai danƙo, irin wadda ke cire wa mutum takalmi ta riƙe.

Ɗan yayata, wanda shi ne malamin ayarin, ya zaunar da ni. "Kawu, tayar rani ba ta damina. Nemi mai dogayen haƙora, amma a wawware, da fili a tsakaninsu, don lakar ta riƙa fita tana juyawa. Kada ta cika faɗi. Roba mai laushi, saboda jiƙaƙƙen dutse. Kuma ka rage iska." Ya jero sunaye, wai Shorty ta Maxxis, wai Magic Mary da Dirty Dan na Schwalbe, ya nuna mini hotunansu a waya. Na gyaɗa kai irin na dattijon da ya gane. A zuciyata kuwa cewa nake, yaron da na yi wa wankan jarirai ne zai koya mini taya? Na hau Raleigh tun uwarsa ba ta yi aure ba. Cikin duk bayaninsa kalma ɗaya na ɗauka: haƙora. To, in haƙora ake so, ai mai yawa ta fi mai kaɗan. In kuma taya ake so, babba ta fi ƙarama. Raƙumi ma da faffaɗar ƙafa yake taka rairayi.

Mai sayar da kayan keke ya fara kawo mini lamba 28, ta tsofaffin kekunan nan irin su Phoenix. Ya ce, "Alhaji, 28 da 29 ai maƙwabta ne, za mu ɗan ja ta." Muka gwada. Ba a buƙaci ja ba, don tayar ta yi wa wilin yawa, tana lilo kamar yaro a rigar babansa. Daga baya na ga dalili a jikin robar: ta tsohon keken an rubuta 635, ta nawa kuma 622, wato faɗin wilin a milimita. Ashe a duniyar keke 28 ta fi 29 girma. Ya kamata tun nan in gane lissafina ba ya aiki a wannan fage, amma ina!

Can ƙasan tarin kaya ya zaƙulo wasu guda biyu, 29 da faɗin inci 2.6, kauri kamar damtsen ɗan dambe, haƙora a cushe a jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Na ce ga su nan. Kuɗin da na biya ban faɗa a gida ba.

Saura iska. Bawul ɗin kekena siriri ne, irin wanda ake ce wa Presta, ba irin na mota da babur ba. Mai faci ya juya shi, ya hura, ya yi tsaki, sannan ya samo wani ɗan ƙarfe ya ɗaura a kai ya jona injinsa. Ya riƙa bugawa yana ƙwanƙwasa tayar da sifana yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Na tuna maganar rage iska, na ce ko ya isa haka? Ya ce, "Oga, da wannan jikin naka? Taya sai ta yi ƙarar ganga." Allurar ma'aunin iska ta haura 40. Su yaran nan, da ba sa sa tiyub sai wani farin ruwa mai toshe huji, 22 zuwa 25 suke hawa. Na ce a raina ai su ba su da nauyi.

Asabar ta zo da yayyafi. Ɗan yayata ya tsuguna gaban kekena ya daɗe bai ce komai ba. Can ya nuna mini wata 'yar kibiya a gefen tayar gaba, wadda ke nuna inda ya kamata ta riƙa juyawa. Tawa baya take kallo. "Kawu, a juya ta?" Na ce taya ai zagaye ce, ba ta da gaba ba ta da baya.

Minti goma na farko kan tsakuwa na yi sarauta. Sai muka sauka burtali. Ban yi taku hamsin ba na ji feda ta yi nauyi. Na sauke giya, ta ƙara nauyi. Na leƙa ƙasa, haƙoran nan da na kashe wa kuɗi babu ko ɗaya. Laka ta cike tsakaninsu ta shafe sumul, kamar an mulmula tuwo, sabuwar laka kuma tana ta hawa kan tsohuwa. Tayoyin yaran suna ta watso laka sama kamar kaza na tono, nawa kuwa tarawa suke kamar za su kai wa magina. Tsakanin ƙatuwar tayar baya da ƙarfen keken dama ko ɗan yatsa ba ya shiga. Nan lakar ta taru da ciyawa da kashin shanu, ta zama birki. Ƙafar baya ta tsaya cak.

Ta gaba kuwa ba ta tsaya ba. Ga gangara, ga wani shimfiɗaɗɗen dutse da ruwa ya jiƙa. Taya mai tauri kamar ƙwallo ba ta lanƙwasa ta rungumi dutse, tsalle take a kansa. Na karkata kai dama, keken ya zaɓi hagu. Na tuna na ga sararin sama, na ga ƙafafuna a cikinsa, sannan na sauka zaune a wani kwatami da garke ya kwana yana tattakawa. Sanyin ruwan Jos ya ratsa wandon robar nan da dama nake jin kunyar sawa.

Yaran sun yi nisa. Ina zaune ina lissafa gaɓoɓina sai na ji ƙararrawa, ƙiring ƙiring. Wani dattijo ne a kan tsohon Phoenix, buhun dankalin turawa a kariya, malfa a kai, wando a naɗe zuwa gwiwa. Siraran tayoyinsa suna yanka lakar kamar wuƙa, suna taɓo ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi. Ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Sannu, ɗana. Babu dai karaya?"

"Babu, Baba."

"Madalla. Wannan na Turawa ne ko?" Ya karyo ɗan itace ya miƙo mini. "Ƙwaƙule masa. Ya ci ya ƙoshi."

Na ƙwaƙule. Sannan na ce bari in gyara kuskurena tun da sauran mutunci, na danna bawul. Tun da yawan iska ne ya kayar da ni, sai na sake ta da hannu biyu, har tayar ta yi laushi kamar biredi. Na hau, kuma wallahi na ɗan lokaci na ji daɗin riƙon. Sai dutse na farko mai baki. Wilin ya matse tiyub a kansa, fuuus. Huji biyu a jere kamar saran maciji. Ga ni babu famfo, babu faci, wayata ta sha ruwa.

Na saɓa keken a kafaɗa. Ban auna ba, amma na rantse lakar ta ninka nauyinsa. A wata kwana na sake cin karo da dattijon, ya sauke dankalinsa yana komawa gida. Ya rage gudu ya dube mu, ni da kayana.

"To, ɗana, yanzu kuma shi ne a sama?"

Uwargida ba ta bar ni na wuce zaure ba. Ta turo bokiti biyu da tsintsiya, ta ce a fara da keken don shi ya fi tsada. Yadda ta san kuɗin kuwa, ɗan yayata ya rantse ba shi ba ne.

Yanzu ina hawa da taya mai inci 2.3, haƙora a wawware, iska 27, kibiya tana kallon gaba. Yaron ne ya zaɓo, ni kuma na ce dama irinta nake nema ban samu ba. Manyan tayoyin nan biyu suna kan rufin akurkin kaji, sun danne kwanon kada iska ta yaye shi. Duk baƙuwar da ta zo, sai uwargida ta ja ta bayan gida ta nuna mata su, ta faɗi kuɗinsu, ba ta rage ko naira ɗaya.