Gwaggo, Jakarta da Masu Saƙo

Da zarar an yanke riɗi, an tuge gyaɗa, dawa ta shiga buhu, iskar arewa kuma ta fara kaɗawa da asuba, to lokacin tafiyar tsofaffi ya kama a Makwar da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa da ke bin gaɓar Shuɗin Nilu har cikin Jazira a ƙasar Sudan. Kuɗin kaka ya shigo hannu, zafin Makka ya sassauta, 'ya'yan da ke aiki a Jidda ko Riyad sun turo tikiti. Wata Umara za ta, wata Alƙahira wajen likitan ido, wata kuma Kano ko Sakkwato, ta ga dangin da muryarsu kaɗai ta sani a waya. Da yawansu yanzu su kaɗai suke tafiya. Saudiyya ta fara sassauta sharaɗin muharrami a Hajjin 2021, sannan a Oktoban 2022 ministan Hajji, Taufiƙ al-Rabi'a, ya sanar cewa mace na iya zuwa Umara ba tare da shi ba. Tun daga nan Gwaggo ta daina jiran ƙanen nan nata da kullum maganarsa "sai baɗi in Allah ya kai mu". Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe filin jirgin Khartum, ya mai da ƙofar fita Bur Sudan da tashar jirgin ruwa ta Sawakin, ya kuma rage masu tafiya ƙwarai. Halin masu haɗa kaya ne kawai bai taɓa ba.

Mai wannan rubutu Allah ya jarabce shi da gadon sikelin rataye, irin na auna albasa, don haka babu jakar da ke barin unguwa ba ta biyo ta rumfar ƙofar gidansa ba.

Uwar tafiya duka ita ce Gwaggo Mai Ƙaura. Mako uku za ta yi wurin 'yarta a Makka, amma wanda ya leƙa ɗakinta ana jibi tafiya sai ya ɗauka gidan aka sayar. Ga garin kuɓewa a gwangwanin madara, ga kuka a wani gwangwanin, ga daddawa an naɗe ta da leda uku amma tana yi wa baƙi sallama tun daga ƙofar gida. Ga busasshen nama, yaji, kanwa, tsamiya, zoborodo, da man shanu a gorar lemo an toshe bakinta da tsumma. Sai jabana, butar gahawa, da 'yan kofunanta, kowanne an saka shi cikin safa don kada ya fashe. Sai kaskon turare da humra da itacen hayaƙi. Can ƙasa kuwa, inda take zaton hannu ba zai kai ba, ɗan turmin gahawa ne kwance da taɓaryarsa ta ƙarfe.

Samari biyu suka ɗaga jakar suka rataya. Allura ta tsaya a kan 38, tikiti kuwa 23 ya ce.

"Gwaggo, sai an rage kilo 15."

"Ɗan nan, sikelinka dai. Tun yana hannun ubanka muka san shi. In riɗinmu aka ɗora ya rage, yau an ɗora jakata ya ƙara."

Sai ta zuge jakar, ta daɗe tana lalube, ta zaro ɗankwali guda da safa ƙafa ɗaya, ta ajiye gefe, ta ce a sake gwadawa. Daga nan shari'a ta fara, domin kowane abu a jakar nan yana da hujjarsa. Kuka ta surukinta ce, ya yi shekara bai sha miyar gida ba. Kanwa ta ciwon ciki ce. Kaskon turare kuwa, so ake ta kwana a ɗakin da ba ƙamshi? In aka gaya mata a Shara Mansur ta Makka babu abin da 'yan uwanta Hausawa ba sa sayarwa, tun daga daddawa har yaji, sai ta taɓe baki ta ce tasu ba ta da gardi. Da hannu ya kai kan turmi, sai ta dafe shi ta ce, "Kakata daga Sakkwato ta taso da turmi a kan jaki, ta ratsa Barno da Wadai da Darfur. Wa ya auna ta?"

Nan fa mai sikeli yake rasa ta cewa, don tarihi yana bayanta. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Wasu kuma niyyar Hajji ce ta fito da su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba a lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Makwar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe suna neman hannu. Tsayawar wata uku ta zama ta shekara talatin. Har littafi C. Bawa Yamba ya rubuta a kansu a 1995, kan mutanen da aka haifi jikokinsu a Sudan amma har yanzu suna cewa a kan hanya suke. Wanda ya fito irin wannan tafiya dole ya ɗauki turmi. Gwaggo ta gaji haɗa kayan, tafiyar ce ta gajarce ba a yi shawara da ita ba.

Da magariba dai, bayan lallashi da sa bakin limamin unguwa, jaka ta dawo 23 cif, aka ɗaure da igiya, aka shafa fatiha. Da safe aka ɗora don tabbatarwa, ta nuna 29. Babu wanda ya taɓa ta, kowa a gidan ya rantse. Gwaggo ma kanta ta yi ƙiba cikin dare: lafaya uku, rigar sanyi biyu, aljihu ya kumbura, domin ta samu labari ba a auna mutum. Gorar man shanu kuwa ta koma jakar hannu, inda abin ruwa ba ya wuce mililita 100. A wurin bincike za a karɓe ta, kuma unguwa za ta sha labarin wannan zalunci har kaka mai zuwa. 'Ya'yan da suka san uwarsu jirgin ruwa suke saya mata, ta kwana a teku daga Sawakin zuwa Jidda, ita da turminta.

Masu rigimar sanyi kashi biyu ne. Ta farko ba ta yarda akwai sanyin da ya fi na bakin kogi a watan Janairu ba, ta tafi Madina ko Alƙahira da silifa da lafaya shara-shara, kwana biyu sai ga saƙon murya tana tari tana zagin wanda bai tilasta mata ɗaukar bargo ba. Ta biyu an gaya mata za ta sauka Adis Ababa kafin Kano, garin da ke kan tudu sama da mita 2,300, sai ta sa hular ulu da safar hannu tun daga tashar mota ta Sinnar, rana tsaka, gumi na bin wuyanta, ba ta kuwa cirewa.

Sai Inna Mai Ɓoyo. Ita ba nauyi ne matsalarta ba, tsoron ɓarayi ne. Fasfo da katin allurar shawara da 'yan riyal ɗinta tana naɗe su a leda, ta sa a lalita, ta ɗinke bakin lalitar da zare, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane biyu. Daga Sinnar zuwa Bur Sudan ba shinge ɗaya ba ne, kuma a kowanne sai an nemi takarda. Sai ta nemi a ba ta wuri, wata mata ta kare ta da mayafi, a nemo reza, mota cike da mutane tana jira. Da an duba an miƙo mata, sai ta zaro allura. Akwai wadda ta ɓoye nata ɓoyon da ita ma ta manta, aka kwance gida da daddare, ashe yana cikin matashin da take zaune a kai tana salati.

Iya Mai Magani ta ɓare ƙwayoyin hawan jini da na sukari da na gwiwa daga kwalayensu, ta zube su a gwangwanin alewa ɗaya. Da launi take gane su. Takardar likita kuwa an ƙunsa goro da ita.

Wadda ta fi ba da tausayi, kuma ta fi ba da dariya daga baya, ita ce Hajiya Mai Wasiyya. Mako guda tana zaga gidaje neman gafara, har gidan kishiyar da suka shekara ashirin ba sa ga-maciji. Ta raba awaki, ta ba jikanya gadon ƙarfe, ta sa likkafaninta a saman kaya don a wanke shi da Zamzam. Kowa ya yi kuka. Bayan kwana goma sha biyar ta sauka garau, an yanka ragon godiya, kafin a gama suyar nama ta aika a dawo mata da akuyarta, har da ɗan da ta haifa.

Akwai kuma Gwana, mai 'yar jaka ɗaya mai taya, wadda ta iya tura kuɗi ta manhajar Bankak, ta san lita 5 na Zamzam ake bari a shiga jirgi da shi. Ba ta da laifi sai guda: ba a tambaye ta ba take koyarwa. Da Mai Jaka Fanko, wadda ke tafiya da babbar jaka a cikinta akwai wata jakar, lissafinta duk na dawowa ne, dabino da darduma da casbi na unguwa guda.

Waɗannan duka mai sikeli ya yafe musu. Masu saƙo ne suke da magana.

Ƙananansu ba su da illa sosai: mai ƙullin yaji zuwa ga ɗanta, mai wasiƙa, mai son a yi masa addu'a da sunansa da na mahaifiyarsa a gaban Ka'aba. Har da wani mai sikeli, wanda in ya gama wa'azin kilo yakan rage murya ya ce, "Gwaggo, in Allah ya sauke ki lafiya, ɗan dabinon Ajwa, ko rabin kilo ne."

Amma akwai wanda ba ya zuwa sai mota ta tayar. Ba ɗa ba ne, ba jika ba, sau da yawa gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Yana rungume da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, yana murmushi. "Hajiya, ɗan saƙo ne, ba nauyi. Wani zai same ki ya karɓa." Me ke ciki? "Ba komai, kayan yara ne." Ya san abin da yake yi. Ya zaɓi tsohuwa don ya san kunya ba za ta bar ta ta ce a'a a gaban jama'a ba, kuma ba za ta iya karanta abin da ke jikin kwalin ba. Sai ka ga baiwar Allah ta ciro rigar sanyinta ta ajiye don kwalinsa ya samu wuri. Ita za ta ja shi daga mota zuwa mota da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ita za ta biya kuɗin ƙarin kilo daga guzurinta, ita za ta yi ta jiran "wani" da ba ta san fuskarsa ba. In ta dawo kuma ya zo yana ƙorafin an makara.

Wannan ma in abin ya zo da sauƙi ke nan. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin jaka shi ke amsa tambaya. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara daga Kano, saboda wata jaka mai ɗauke da Tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan an kamo waɗanda suka yi aikin kuma gwamnatin ƙasarta ta sa baki. Wannan matashiya ce mai ilimi, da iyaye tsaye a kanta. Tsohuwar da ta fito daga ƙauyen bakin kogi ita kaɗai, wadda lambar wayar ɗanta ma a rubuce take a bakin zane, wa zai tsaya mata?

Don haka duk mai saƙo a bana ya kawo shi kwana biyu kafin tafiya, a buɗe, a gaban 'ya'yanta, da sunan mai karɓa da lambarsa, da kuɗin kilonsa a hannu. Wanda ya zo da kwali a rufe ranar tafiya, 'ya'ya da jikoki su karɓi kunyar a madadinta, su mayar masa da kayansa tun a bakin mota.