Masu Gyaran Gira a Taman Melati

Unguwar Taman Melati tana gefen Kuala Lumpur, tasha ɗaya kafin Gombak a layin jirgin Kelana Jaya. Kusancinta da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, ya sa ɗalibai baƙi suke kama haya a cikinta, har da Hausawa, waɗansunsu malaman jami'a ne da TETFund ta turo ƙaro ilimi. A gida su ne dodannin jan biro, sai ga shi a makon miƙa aiki sun cika shagunan shayi da ake kira mamak har asuba, kowa ka tambaya ya ce bita yake yi. Laifi tudu ne. Mafi yawansu suna gyara komai a rubutun, ban da abu ɗaya da malami zai ba wa maki, wato hujjar da ke ciki.

Na farko shi ne Mai Kwalliya. Ya daidaita gefen shafi, ya sauya girman haruffa, ya zaɓi bango mai kauri a shagon buga takardu, amma bai lura cewa kammalawarsa ta ƙaryata gabatarwarsa ba. Kusa da shi akwai Bawan Turnitin, wanda ba ruwansa da ma'ana, lambar kamanceceniya da manhajar ke bayarwa kawai yake kallo. Yana cire kalmomin fanninsa ɗaya bayan ɗaya, yana cusa makusantansu, har lambar ta sauka ya yi hamdala, alhali jimlar ta rasu tun tuni. Sai Na'am Ranka Ya Daɗe, wanda duk abin da Grammarly ko ChatGPT suka kawo sai ya amsa, har sunan garinsu in an ja masa jan layi ya canza shi. Ranar da malami ya ce ya bayyana sakin layi na uku, sai ya tsaya yana karanta shi kamar wasiƙar da aka aiko wa maƙwabci.

Akwai kuma Mai Gayya, wanda ke raba rubutunsa ga jama'a a WhatsApp. Da yake Maleshiya ta riga Najeriya da awa bakwai, tsakar darensa la'asar ce sakaliya a Kano, don haka ba wanda zai tsira: "Dakta, don Allah ka ɗan duba min." Wannan ya ce a ƙara, wancan ya ce a rage, shi kuwa ya bi kowa don kada a ce ya raina mutane. Ɗan Tawakkali bai san wannan wahala ba, minti ɗaya kafin a rufe yake turawa, da sunan malamin a rubuce ba daidai ba. Kishiyarsa shi ne Ba Ka Gamawa, mai fayil "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe", wanda a rikice yakan tura na makon jiya.

Wani zai ce Ingilishi ba harshenmu ba ne, dole a nemi taimakon na'ura da na aboki. Gaskiya ne, kuma babu aibu a ciki. Sai dai na'ura nahawu take kamawa, Turnitin kuma kamanni yake aunawa, ba mai tabbacin cewa misalin da ka kawo ya goyi bayan abin da ka faɗa. Aboki kuwa bai zauna a ajin ba, bai san tambayar da aka yi ba. Wani kuma zai ce lokaci ne babu, ga iyali, ga kuɗin haya. To ai mai ƙarancin lokaci shi ya fi buƙatar tsari: a fara da tambayar, a ga ko an amsa ta, a bi sakin layi, a cire wanda bai ɗauko komai ba, sannan a zo kan waƙafi da haruffa. Wanda ya fara daga waƙafi yakan ɓata awa guda yana goge jimlar da za a yanke.

Dabarar da ta rage ba ta cin ringgit ko ɗaya. Ido yakan ga abin da mai shi ya yi niyyar rubutawa, kunne kuwa ba ya rufa asiri, don haka a bar rubutun ya kwana, da safe a karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashi ya ƙare kafin aya, ko harshe ya yi tuntuɓe, nan jan biron malami zai sauka.