An Kawo Kwamfuta, Saura Wuta

Akwai wani irin imani da ke saukar wa manyan ma'aikatu da masu hannu da shuni a daidai lokacin da sitonsu ya cika. Shekara da shekaru tsofaffin kwamfutoci na jibge a lungu suna shan ƙura, ba wanda ya tuna da ɗan talaka. Ranar da aka sauke sababbi aka rasa wurin ajiya, ran nan tausayin 'yan makarantar gwamnati ke kama Oga har muryarsa na rawa: "Kai, yaran nan fa su ne manyan gobe. A kai musu."

Lissafin ba wuya. In an kira 'yan gwangwan, a kilo za su auna, kuɗin ba zai kai na shayin ofis ba, kuma ba sa zuwa da mai hoto. Makaranta kuwa ita za ta kwashe tarkacen, ta yi godiya, ta haɗa da addu'a.

Sai ranar biki. An kafa rumfa, an jera kujerun haya, an rataya ƙyalle mai hoton mai kyauta, fuskarsa kaɗai ta fi kwamfuta uku faɗi. Yara na tsaye a rana tun hantsi, babban baƙo sai bayan azahar. Kuɗin lemo da naman kaza da na sanƙira, da an tara su da an sayi sababbi ko da biyu ne, amma wa zai yanke zare a kan kwamfuta biyu? An yi hayar janareta na wuni ɗaya. An laluba cikin tarin an samo guda mai tashi, an sa ta a gaba. An zaɓo yarinyar da hijabinta ya fi na kowa haske, an ɗora hannunta a kan linzami. Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan sunkuyo, kamar ana koya mata." Oga ya sunkuya, shi da har yau sakatarensa ke buɗe masa imel.

Kafin la'asar mai janareta ya naɗe wayarsa ya tafi da abinsa.

Washegari ake sanin abin da aka samu. Malamin lissafi, wanda aka naɗa malamin kwamfuta saboda wayarsa ta fi ta kowa girma a ofishin malamai, shi zai zauna yana gwada su ɗaya bayan ɗaya in an yi sa'a an kawo wuta. Wannan an cire mata ma'ajiyar bayanai tun a can don kada sirrin ofis ya fita, sai kwanko. Waccan tana neman kalmar sirri, mai kalmar kuwa ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Ta ukun ta tashi da ƙyar tana nishi, ga Windows XP ta bayyana, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun watan Afrilun 2014, lokacin da wasu 'yan ajin suke goye. Wata kuma madannanta daga Jamus suka zo, inda Y da Z suka yi musayar wuri, yaro ya rubuta "yawo" sai ya ga "zawo", ajin ya kece da dariya, darasin ranar ya ƙare.

Ba daga ofisoshinmu kaɗai suke fitowa ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne murus, kuma mafi yawa cushe suke zuwa cikin motocin gwanjo. A 1988, da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, ƙasar nan ta yi kururuwa har sai da aka zo aka kwashe. Aka yi yarjejeniyar Basel a 1989, Afirka ta ƙara da ta Bamako a 1991, duk don hana a mai da mu juji. Sai shara ta koyi ladabi. Yanzu da sallama take shigowa, wani lokaci har da takardar sadaka a goshi. Tsohon allon nan mai ƙeya, gilashinsa cike yake da dalma, amma tunda kyauta ce, an ce yaba kyauta tukwici.

A yi adalci, akwai masu tsoron Allah da ke gyara kayan, su goge, su sa manhaja mai aiki, su haɗa da sola, su koya wa malami, su kuma dawo bayan wata shida su duba. Alamarsu ɗaya ce: ba kasafai ake ganin hotonsu ba.

To, mu masu karɓa fa? A nan ne wasan ya fi daɗi. Ko da a ce duk lafiyarsu ƙalau, Firinsifal ya san abin da zai biyo baya in ɗaya ta ɓace ko ta lalace: takardar tuhuma. Don haka sai a sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, a ɗinka wa kowace kwamfuta riga, makulli ya shige aljihun babbar riga. Ɗakin ya zama kamar kwanukan jeren amarya, a goge, a nuna wa baƙi, amma ba a cin tuwo a ciki. In sufeto ya zo, a buɗe, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya rubuta a littafi cewa makaranta ta shiga zamani. In malami ya nemi makulli, sai a ce, "Malam, ka san halin yaran nan, ɓarna gare su. Kuma wa zai sayi mai?" Tambayar ba ta rasa gaskiya ba, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta na awa biyu ya zama maganar da sai ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna a kanta.

Darasi dai ba ya tsayawa. Malam ya ɗauki alli ya zana akwati mai kusurwa huɗu a allo, ya ja masa wutsiya, ya ce a maimaita. Yara su haddace sassan kwamfuta tsaf, su rera ma'anarta da Turanci ba gargada, su ci jarabawa da maki mai kyau, alhali na'urar na bayan bango ɗaya da su, lulluɓe. Sai ranar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, a zaunar da yaro gaban abin da shekara shida yake zanawa. Ya ɗaga linzami sama yana nuna wa allo, lokaci na tafiya. Hukumar ma ta gane inda aka kwana, shi ya sa ta tsara yadda za a amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan ba sai an taɓa linzamin ba.

Bayan 'yan shekaru ɓeraye sun gama da wayoyi, rufi ya yi yoyo a kan sauran. 'Yan gwangwan na wucewa da kura suna leƙen taga, amma ba dama, kaya sun shiga rajista, sun zama na gwamnati, sayar da ko ƙusa ɗaya sai da izini daga sama. Firinsifal ya rubuta takarda yana roƙon a ba shi damar kwashe su, a kuma sa makarantarsa cikin masu jiran sababbi. Amsa ta iso bayan damina biyu: an duba fayil, an ga hotunan biki, an tabbatar makarantar tana da cikakkiyar cibiyar kwamfuta. Saboda haka an cire sunanta daga jerin mabuƙata, kuma ana umartar ta da ta riƙa karɓar ɗaliban makarantun maƙwabta suna zuwa koyo duk ranar Laraba.