Rariyar Turawa

Ina da wani ciwo da har yau ba a samo maganinsa ba: ba na iya wuce tulin kayan gwanjo ban tsuguna ba. Ba gwanjon tufafi ba, irin tarkacen nan da ake zazzagowa daga kwantena, waɗanda muke kira kayan Beljiyam ko da daga Kanada suka fito. A wata kusurwar ɗakina akwai injin gasa burodi da bai taɓa ganin burodi ba, da agogon bango mai bin lokacin wata ƙasa, da wani ƙarfe mai kama da almakashi wanda shekara huɗu ke nan ina jiran ranar da zan gane aikinsa. Uwargida tana kiran wannan kusurwa maƙabarta.

Wata Asabar cikin hunturu na hango wani akwati a tulin gwanjo. Ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin littafin rubutu ba, katakonsa ja-ja, sumul kamar an shafa masa man shanu. Murfinsa da maganaɗisu yake kamawa, kana sakinsa sai ka ji ƙas. Na buɗe, sai ga rariyar ƙarfe a cikin firam. Na ɗaga ta, ga wata a ƙasa mai laushi kamar ɗankwalin siliki. Can ƙarƙashi kuma farantin gilashi ne da ake zarowa kamar durowa. Na tambayi mai kayan amfaninsa. Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce, "Na shayi ne, Alhaji. A nan Turawa suke tace ganyen shayinsu." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a gaban ɗan gwanjo duk mai kuɗi a aljihu Alhaji ne. Ya ce naira 4,000, na taya 1,500, aka sallama a 2,500.

Ina da hujjata. Wata uku uwargida tana yi mini mitar rariyarta ta yage, har ta ɗinke ramin da zaren kaɗi, duk da haka tsaki yana sulalewa cikin garin tuwo. Sai na ce ga ranar da zan wanke kaina, in nuna cewa maƙabartar ma tana fitar da mai rai.

Ta karɓa da yatsu biyu, ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, wannan ai ko garin kunun jariri ba zai ɗauka ba."

"Na yaji ne da kuka," in ji ni. "Ba ki ga hawa biyu ba ne? Ta sama ta tare tsaki, ta ƙasa ta fitar da gari lilis, ki kwashe a kan gilashi. Ilimi ke nan."

Ta kai hanci. "Wannan warin fa?"

"Na'a-na'ar Turai ce."

Matsala ɗaya ce. Da na ɗaga rariyar sama saitin rana, haske bai ratsa ba. Idanunta duk sun toshe da wani datti, ba kore ba ba ruwan ƙasa ba, mai danƙo, yana kama yatsa. Na ce a wanke. Uwargida ta ce rariya ba a jiƙa ta. Ta Hajiyarsu, in ji ta, ta aurar da 'ya'ya uku tana nan, don in an gama tankaɗe kife ta ake yi, a bubbuga gefenta da tafin hannu, a bi ta da busasshen buroshi, a rataye a ƙusa. Ruwa yana sa waya tsatsa, yana kumbura katako. In ya zama dole a wanke ta, to ɗauraya ce ta nan take, a shanya a inuwa.

Na saurare ta da irin haƙurin da malamin kimiyya yake sauraron ɗan aji ɗaya, don kuwa kimiyya nake koyarwa a sakandare. Na ce wannan ta Turawa ce, ba irin ta bakin kasuwa ba. Ƙaro ma da taurinsa jiƙa shi ake yi ya narke. Na cika roba da ruwan ɗumi, na zuba omo, na danna akwatin gaba ɗaya, na ɗora masa dutsen guga don kada ya taso, na je na kwanta.

Da asuba na tarar da wani abu dabam. Katakon ya sha ruwa ya ƙoshi. Kusurwoyin huɗu sun buɗe baki kamar 'yan tsaki masu jiran abinci, murfin ya karkace kamar hular ɗan tasha, maganaɗisu ɗaya yana kwance a gindin roba, farantin gilashin ya maƙale ya ƙi fita. Dattin da na yi duk wannan dominsa kuwa yana nan daram, ko gezau. Na kai shi rana ya bushe, iskar hunturu ta tsaga murfin gida biyu.

A nan ne mai hankali zai tsaya. Ni soson ƙarfe na ɗauko. Rariyar sama ta jure, sai dai ta yi zane-zane kamar fuskar da ta yi faɗa da kyanwa. Da na juya kan ta ƙasa, ta silikin nan, gogawa biyu na yi na ji kyeee. Rami ya buɗe, babban yatsana ya leƙa ta ɗaya gefen. Garin neman gira an rasa ido: gida mai yagaggiyar rariya ɗaya ya koma mai biyu. Uwargida tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Na naɗe gawar a jarida na nufi shagon kafinta a bakin layinmu. Maigidan ba ya nan, sai yaronsa, wani matashi mai tarin suma da jajayen idanu, waɗanda a lokacin na ɗauka ƙurar katako ce. Ya buɗe jaridar, ya yi shiru. Ya shinshina. Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tsaya a kan carbin da ke hannuna.

"Kai, Baaba! Ashe ana tare?"

Na ce ana tare mana, ai unguwa ɗaya muke.

"Ina ka samo wannan? Mu sai a waya muke ganinsa."

Raina ya yi fari. A ƙarshe ga wanda ya san darajar aikin katako. Na ce masa daga Turai aka kawo, ina so in riƙa tankaɗe a gida, don na kasuwa ba shi da tsabta, ana yi masa algus. Ya girgiza kai ya ce wallahi gaskiya ne, yanzu babu amana. Ya shafa gam, ya ɗaure da kilam, ya ce rariyar ƙasa dai ta tafi ke nan. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama. "Haba Baaba. In dai an tankaɗe, a tuna da yara."

Na ce, "In Allah ya yarda zan aiko maka da ƙulli guda. Uwargida ce ma ta iya haɗin, nata har hawaye yake sawa."

Sai da ya dafa teburin aiki.

Da yamma na zauna da reza ina kankare danƙon a hankali, na tara ɗan curi kamar ƙwayar wake. Ni kuwa ba na son asara. Bayan magariba uwargida ta ajiye kaskon turaren wuta a tsakar gida, garwashin yana ja. Na ce bari mu ji ƙamshin na'a-na'ar Turai, na jefa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani dattijo da muke kira Baba Ofisa, wanda ya yi ritaya daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ba a yi minti biyar ba na ji sallamarsa a zaure, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi sanyi ba.

"Malam, wa ke cikin gidan nan?"

"Ni da iyali."

"Yaran unguwa ba su haura maka katanga ba?"

Hancinsa sai motsi yake yi. Na ce ko ƙamshin ne ya ji? Na shiga da saurina na ɗauko akwatin, ina murmushi, na ba shi labari tun daga ɗan gwanjo har zuwa kasko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya nemi kujera ya zauna, ya yi salati, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake yi.

Da ya samu numfashi ya ce wannan akwatin tankaɗen tabar wiwi ne. A jikin furenta akwai wata ƙura mai danƙo, ita ce mafi ƙarfi a duk tsiron, ana kiranta kif, daga kalmar Larabci mai nufin nishaɗi. A duwatsun Rif na arewacin Maroko, wajajen Ketama, an daɗe da sanin tankaɗenta da kyalle. Turawa ne suka mayar da abin ɗan akwatin ado, tunda akwai ƙasashe irin su Kanada da suka halatta ta tun 2018. Wani ya gaji da nasa ya yar, kwantena ta kwaso, ni kuma na tsuguna. Danƙon ba ya narkewa a ruwa, dangin mai ne, shi ya sa omona ya tashi a banza. Masu abin ma, in ji shi, ba sa barin ruwa ya taɓa katakon, buroshi mai laushi suke sa wa rariyar a bushe. Wato dai abin da uwargida ta faɗa tun farko, ita da ba ta taɓa shiga ajin kimiyyata ba.

Sannan ya daina dariya. Ya ce an kafa hukumarsu a 1989, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da irin waɗannan kaya. Ya tambaye ni ko wani ya ga akwatin. A nan ne yaron kafinta ya faɗo mini a rai, da ƙullin da na yi masa alkawari, da shaidar da na ba uwar 'ya'yana cewa ita ce gwanar haɗi. Gumi ya keto mini cikin sanyin hunturu.

Na ce bari in jefa shi a wuta yanzu-yanzu. Ya miƙe zumbur. "Kada ka ƙona! Unguwar kake so ka bugar?"

Da taɓarya muka farfasa shi, muka zuba a masai guntu-guntu, Baba Ofisa yana haska mini da tocila. Uwargida ta rantse cewa a daren nan malmala uku na ci, har na nemi ƙanzo, ina ta dariya ni kaɗai. Ni dai na ce yunwa ce da firgici, kuma a kan haka nake har gobe.

Washegari na sayo rariya ta naira 1,200, irin ta bakin kasuwa, mai katako fari da ƙusoshi a waje. Tana rataye a ƙusar kicin, an kuma hana ni taɓa ta. Maganaɗisun guda biyu da suka tsira yara suna wasa da su a jikin firij.

Saura yaron kafinta. Sau biyu ina zuwa in yi masa bayani, yana kashe mini ido yana cewa, "Na gane, Baaba, yaji. Bakina ƙanin ƙafata." Duk sanda na wuce sai ya dunƙule hannu ya ɗaga, abokansa ma sun fara. Yanzu ta bayan layi nake zagayawa zuwa masallaci, ina rasa raka'ar farko. Mai karatu, in ka san yadda zan fahimtar da yaron nan cewa yajin barkono nake nufi, don Allah ka taimaka.