Masu Aljani a Aljihu da Masu Kai Ƙararsu

Tun 1997, shekarar da kwamfutar Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov, ɗan Adam ya san ya yi ubangida a wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya da doki. Yau manhajar Stockfish kyauta ake sauke ta a waya, kuma babu zakaran duniyar da zai ja da ita. Ga miliyoyin mutane suna ta gwabzawa a shafukan Chess.com da Lichess, kowa a ɗakinsa, ba mai ganin hannun wani. In aka haɗa mutum da ƙofa a rufe da mai raɗa masa amsa ba ko sisi, sai a gyara zama, za a ga halitta iri-iri.

Gwanin dare ɗaya

Makon jiya sadakar sarauniya yake yi tun wasa bai yi nisa ba. Yau ya wayi gari ba ya kuskure. Abin da ke tona shi agogo ne. Takun da zai sa babban gwani ya dafe kai minti biyar, shi daƙiƙa bakwai. An tsare sarkinsa, gida ɗaya tak ya rage masa, wanda yaron goye ma zai gani, nan ma daƙiƙa bakwai, domin sai ya leƙa waya, ya kwafa, ya dawo. Da lokaci ya ƙure, babu sararin leƙe, sai aljanin ya sauka, mutuminka ya koma rabon sadaka. Wannan ba ya ba alƙalai wahala.

Ɗan lasa

Shi kam mutumin kirki yake ɗaukar kansa. "Ni fa ba maguɗi nake yi ba, dubawa kawai nake yi in ga ko tunanina ya yi daidai." Sau biyu yake leƙawa a wasa, amma a daidai inda wasan zai karye. Manyan 'yan wasa sun sha faɗin cewa gwani ba ya buƙatar fiye da haka. Wasa ɗaya ba ya kama shi, sai an tara wasanninsa da yawa an auna takunsa da na inji, an kuma auna da abin da mai ƙarfinsa ya saba yi. Irin lissafin ke nan da Farfesa Kenneth Regan na jami'ar Buffalo a Amurka ya yi suna a kai. Shafukan kuma suna lura da mai yawan ficewa daga allon wasa ya dawo da dabara sabuwa fil.

Ƙanena ne

Ba a saninsa sai ranar da aka rufe masa asusu. Nan take wasiƙa za ta iso: "Ranka ya daɗe, wallahi ƙanena ne ya ɗauki wayar ina wanka." Wannan ƙane abin tausayi ne. Ya fi zakaran duniya iya wasa, amma har yau ba a samu mai kai shi gasa ba, kuma ba ya taɓa waya sai yayansa ya shiga wanka. Kashegari za ka ga sabon asusu da sunan jiya, an ƙara masa lamba 2 a ƙarshe don ɓad da sawu.

Kura da fatar akuya

Wannan zai rantse bai taɓa buɗe inji ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da yake yi shi ne ya faɗi wasa ashirin da gangan har makinsa ya zube, sannan ya shiga gasar 'yan koyo ya kwashe kyauta. Yana da ɗan'uwa, Mai riƙe agogo, wanda in ya ga an gama da shi ba zai sallama ba, sai ya ajiye wayar ya tafi cin tuwo, ya bar ka kana gadin minti tara. Dukansu doka ta hau kansu, dukansu kuma mamaki suke yi.

Malam Kowa-ɓarawo

Tunda yake bai taɓa shan kashi a hannun ɗan Adam ba. In ya ci, basira ce. In an ci shi, inji ne. Maɓallin kai ƙara ya fi doki shan aiki a hannunsa. Kada a ɗauka cutar ƙanana ce. Vladimir Kramnik, wanda ya karɓe kambun duniya daga Kasparov a 2000, ya shiga fitar da alƙaluma a 2023 yana ɗiga ayar tambaya kan 'yan wasa, har da Hikaru Nakamura, wanda ya tara maki 45 da rabi cikin wasa 46 a jere. Masana lissafi suka ce wanda ke buga dubban wasanni da waɗanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, dole wata rana ya yi irin wannan jerin. Ƙarshe dai Chess.com ta rufe wa Kramnik shafin da yake rubutun. Zargi ba ya cin kuɗi, shi ya sa ake facaka da shi, amma wanda aka shafa wa kashin kaji shi ke yawo da warin.

Rundunar ɗan garinmu

Su ba su san yadda doki ke tafiya ba, sun dai san namu ne. A watan Maris na 2021 wani dattijo ɗan Indunusiya mai laƙabin Dewa Kipas ya doke Levy Rozman, Ba'amurken da ke koyar da ces a YouTube. Chess.com ta duba wasanninsa ta rufe asusun, shi kuma ya ce bai yi maguɗi ba. Sai dubban mutanen ƙasar suka yi wa Rozman ca da zagi, wai an raina talaka. Aka shirya wa dattijon zama ido da ido da gwanar ƙasar, Irene Sukandar, mutum fiye da miliyan suna kallo kai tsaye. Ta ci shi uku ba ko ɗaya. Rundunar ta watse ba sallama, shi kuwa ya koma gida da ladan halarta, rupiya miliyan 100.

Alhaji Babba

A watan Yuni na 2021 aka yi wasan tara kuɗin agajin korona a Indiya, Viswanathan Anand, zakaran duniya har sau biyar, yana karawa da fitattun mutane a lokaci guda. Attajiri Nikhil Kamath ya zubar da soja tun takun farko, daga nan kuma ya rikiɗe, har Anand ya sallama. Daga baya ya amsa cewa mutane da kwamfuta sun taimaka masa, ya nemi gafara. An rufe asusunsa, ba a jima ba aka buɗe, bisa hujjar cewa wasan ba na maki ba ne kuma Anand ya ce a bar maganar. Hujjar ba ta rasa kai ba. Sai dai mai ƙanen nan na sama yana can yana tambaya ko shi ma akwai Anand ɗin da zai roƙa masa.

Alƙalin bayan labule

Mai farautar maguɗi a shafin ke nan, shi ya fi kowa shan zagi. In ya bayyana yadda yake kama ɓarawo, ya koya wa ɓarayi hanya. In ya yi shiru, a ce zalunci. Aikinsa na kullum a rufe asusu, a mayar wa waɗanda aka cuta makinsu, a ba wanda ya amsa laifi dama ta biyu, a gasar kuɗi kuma a sa kyamara ta ga ɗakin ɗan wasa.

Ranar da ya fi jin jiki ta zo a Satumban 2022, lokacin da Hans Niemann, ɗan shekara 19, ya doke Magnus Carlsen a kan tebur a birnin St. Louis, Carlsen ya fice daga gasar, aka shiga zargin Niemann da maguɗi. Niemann ya amsa cewa ya yi maguɗi a intanet yana ɗan 12 da kuma 16. Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72 cewa da alama abin ya wuce wasa 100, amma ba ta samu tabbacin ya yi a kan tebur ba. Rahoton ya kuma ce an taɓa kama huɗu daga cikin manyan 'yan wasa 100 na duniya, ba a dai faɗi sunansu ba. Ga shi a lokacin Chess.com tana cinikin sayen kamfanin Carlsen, ko da yake ta ce wannan bai shafi hukuncinta ba. Niemann ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a 2023, hukumar ces ta duniya FIDE kuma ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda ficewa ba dalili.

Abin da jama'a ke nema wurin alƙalin nan bai taka kara ya karya ba. In za a rufa asiri a rufa wa kowa, in za a tona a tona wa kowa. A tara hujja kafin a kira suna, a bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe, mai zargi ba hujja shi ma a ja masa kunne ko da kambu ne a kansa. Kai kuma da aka ci ɗazu, kafin yatsanka ya kai ga maɓallin ƙara, sake duba wasan tukuna. Sau da yawa ba inji ne ya ci ka ba, wani yaro ne ɗan shekara tara da ake ta kira ya zo ya kwanta.