Hutun Araha a Yankari da Harajin Gwaggon Biri

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙaramin ma'aikaci a Kano in ya ce zai kai iyali hutu, to gidan surukai yake nufi. Sai dai an samu wani magidanci, wanda shi ne riƙe da alƙalamin nan, amma za a kira shi Maigida saboda uwargida ta yi kashedin kada a tona asirin gida, da ya zauna da biro da bayan takardar kuɗin wuta ya gano cewa ana iya kwana a Yankari ba tare da an ci bashi ba. Dabarar ita ce a je lokacin da ba kowa, a kama ɗaki ɗaya, abinci kuma a tafi da shi daga gida.

Wurin dai ya cancanci a yi masa lissafi. Dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. A 1956 aka keɓe shi, a 1962 aka buɗe wa masu ziyara, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. A tsakiyarsa aka gina sansanin Wikki, wani ɗan ƙauye na baƙi zalla mai ɗakuna 110, tun daga na manya har na 'yan makaranta, ga gidan abinci, ga ɗakin taro, ga gidan tarihi. Daga nan ƙungiyar ƙwallon Wikki Tourists ta samo suna. Abin da Maigida ya karanta ya wuce bai sa a lissafi ba shi ne, babu katanga tsakanin sansanin da daji.

Uwargida ta raba dare a kicin. An yi dambun nama, an soya kaji, an cika bokitin roba da cincin, an zuba zoɓo a jarka. Da aka iso Bauchi Maigida ya ƙara da masa mai zafi, don a cewarsa wanda ya ratsa garin bai sayi masa ba ya yi asarar mai. Daga nan aka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima aka karya dama, aka biya kuɗin shiga a ƙofar Mainamaji. Yara suka fara murna an iso, sai aka ce musu saura kilomita 43.

Tun kafin mota ta gama tsayawa aka ga birai. Suna zazzaune a gindin bishiyoyi da kan dakali, manya da ƙanana, suna kallon motar da ta shigo kamar 'yan kamasho a tasha. Ma'aikacin da ya kawo makullin ɗaki ya yi gaisuwa, sannan ya sauke murya.

"Alhaji, a riƙa sa makulli ko da kuna ciki. Kuma kada a fito da leda a hannu."

"Haba ɗan samari, a ƙauye na tashi," in ji Maigida. "Na yi gadin gona tun ba a haife ka ba."

Gaskiya ne ya yi gadin gona, amma jan biri ya kora, wanda ana ɗaga hannu yake arcewa. Gwaggon birin Wikki wani abu ne daban. Namiji babba yakan haura kilo 20, fiƙarsa ta kai tsawon ɗan yatsa, kuma kakanninsa sun shafe shekaru sittin suna nazarin baƙi. Ya san ƙarar leda. Ya san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Ya san mace da yaro sun fi saurin sakin abin da ke hannunsu, ya kuma san cewa mai buɗe but ɗin mota dole ya sunkuya.

Maigida ya sunkuya. Kafin ya ɗago, ledar masa ta yi nisa, tana lilo a hannun wani ƙasurgumi mai tafiya da ƙafa uku, ko gudu bai yi ba. Maigida ya bi shi yana daka tsawa. Birin ya tsaya, ya waiwayo, ya yi wata doguwar hamma. Masana dabbobi sun ce wannan hammar ba ta barci ba ce, nuna makami ne, kuma Maigida ya fahimci haka ba tare da an fassara masa ba. Ya juyo da sauri yana cewa sanda zai ɗauko. Har aka bar Yankari ba a ga sandar ba.

"Abba, tsoronsa ka ji?" in ji auta.

"Wuce ciki."

Aka kwashe sauran kaya da gudu, aka tura ƙarƙashin gado. Da la'asar Maigida ya fita alwala a bakin ƙofa, ya jawo ta kawai, don me zai sa makulli alhali ga shi a tsaye? Yana shafar kai ya ji salatin uwargida. Ta bayansa aka shiga. Wata uwar birai da ɗa maƙale a cikinta ta fito rungume da kwanon kaji, na biye da ita ya ja bokitin cincin, murfi ya buɗe a tsakar fili, nan take garken duka ya hallara. Har wani mugun dawa da ke kiwo a durƙushe ya taso da jela a miƙe ya zo karɓar rabonsa. Biri yana da aljihu a kumatu, yana cusa abinci ya tafi da shi ya ci a natse, saboda haka cincin ɗin da aka yi dare ana murzawa bai kai minti biyu a ƙasa ba.

Daren nan a gidan abinci aka ci shinkafa, kowa da farantinsa. Maigida ya ce ba ya jin yunwa, ya kuma cinye ragowar auta.

Da sassafe aka shiga motar zagaya daji, a nan ne dabarar zuwa lokacin da ba kowa ta nuna kanta. Jama'a suna cika Yankari da rani ne, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi suka tattaru a kogin Gaji. Maigida kuwa ƙarshen damina ya zaɓa. Ciyawa ta fi mota tsawo, kowane kwari da ruwansa, babu dabbar da ke da dalilin zuwa bakin hanya. Jagoran, mutum mai haƙuri, ya nuna gwambaza guda biyu, ya nuna wani baƙin abu can nesa ya ce ɓauna ce, aka yarda. Tsuntsaye kam an gani, don dajin yana da nau'i sama da 350, amma ba wanda ya taso daga Kano don kallon tsuntsu.

Giwa ake nema. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, bayan shekarun da mafarauta suka yi suna bin haure. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai aiki tare da gwamnatin jihar ta sa wa wasunsu abin wuya da tauraron ɗan Adam ke bibiya, don a san inda suka nufa kafin su faɗa gonakin ƙauyukan gefe. Wato akwai wanda ya san inda giwayen suke a safiyar nan, kuma ba kusa da Maigida ba ne. Abin da ya samu shi ne sawu mai faɗin faranti da tulin kashi. Jagora ya sauka, ya kara hannu ya ce da ɗumi, ba su daɗe da wucewa ba. Yara suka yi hoto da shi.

Wanda bai yi wahalar gani ba shi ne tsando. Ƙudan nan launin shuɗi da baƙi ke jan sa, shi ya sa tarkonsa ma da ƙyallen waɗannan launuka ake yin sa. Maigida ya caɓa ado da kaftani shuɗi mai duhu saboda hoto. Duk motar aka zauna lafiya, shi kaɗai yake marin wuyansa, cizon kuma yana ratsa shadda. Da jagora ya kawo maganar kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da can suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, Maigida ya tambayi ko da ƙarin kuɗi, sannan ya ce ai ya san tarihinsu, zai ba yara a ɗaki.

Sai ruwan Wikki, wanda ko mai baƙin ciki ba zai kushe shi ba. Matakala ce ake bi a gangara, ruwan yana ɓullowa daga ƙarƙashin wani tsaunin jan dutse, garau har ana hango farin yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma lita miliyan 21 yake fitarwa kullum ya gangara Gaji. Faɗinsa mita 13, wurin da ya fi zurfi ya kusa mita biyu, can ƙasa kuma yaro ma yana tsayawa. Cizon tsando ya lafa. Maigida ya kwanta rigingine a ruwa ya sanar da uwargida, wadda ke zaune kan dakali da mayafinta, cewa wannan kaɗai ya biya kuɗin mai.

Kafin ya shiga ruwan ya yi abin da mai hankali zai yi: ya naɗe kaftani da wando, ya sa makullin mota da walat a aljihu, ya cusa duka a leda don kada su jiƙe.

Leda.

Uwargida ta rantse daga sama aka sauko. Kafin ta ce "Malam!" ledar tana kan reshe, wani matashin biri yana zazzage ta a tsanake. Ya shinshina hula ya jefar. Ya ciro walat, ya gatsa, bai ji daɗi ba, ya saki, katin banki da 'yan canji suka watse a ruwa, yara suka yi ta nutso suna tsinta, abin da daga baya suka ce ya fi komai daɗi a tafiyar. Kaftanin kuwa ya riƙe, da makulli a ciki, don ƙamshin dambun naman da aka ci a ɓoye bai bar aljihun ba. Maigida ya tsaya a gindin bishiya da gajeren wando, ruwa na ɗiga, tumbi a waje, yana lallashin dabba da muryar da bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba. Wasu ɗalibai da suka zo daga jami'a suka ciro wayoyi.

"Baba, ka ce masa don Allah mana," in ji ɗaya.

Wani ma'aikaci ya zo da danƙon harbi. Bai ma harba ba, ɗaga shi kawai ya yi, birin ya saki rigar ya haye sama. Ashe abin da suke shakka ke nan a duk sansanin. Kaftanin ya sauko babu aljihu ɗaya, makullin kuma ya faɗa ciyawa, sai da aka yi gayya aka lalubo shi gab da magariba, Maigida ya sallami masu nema da jiƙaƙƙun kuɗi.

A hanyar komawa uwargida ta karɓi biro da takardar nan ta kuɗin wuta. Ta rubuta kaji, ta rubuta cincin da man da aka soya shi, ta rubuta kuɗin gidan abinci, da ladan masu neman makulli, da ɗinkin sabon kaftani. Maigida ya ce lissafinsa daidai yake, birai ne ba su bi tsari ba, kuma har gobe a kan haka yake. A gidan mai na Bauchi katin da biri ya gatsa ya ƙi aiki, aka sha mai da kuɗin adashin uwargida. Ta sa shi ya sa hannu a ƙasan takardar, babban ɗansu ya zama shaida.